Ranar da Aka Shafa wa Goshina Zuma a Lyon

Ƙanwata ta kai shekara arba'in da haihuwa, tana goge ofisoshi a Bobigny, kusa da Paris, lokacin da wata makarantar tauhidi mai horar da fastoci ta ba ta gurbi. An ce in kuɗi bai shiga kafin a buɗe aji ba, a ba wani. Majami'armu ta Montreuil kuwa duk talakawa ne, mun tattara, bai kai ko'ina ba.

Sai wata majami'ar Turawa a Lyon ta gayyace mu taron tallafa wa ɗalibai baƙar fata. Matata ta ce, "Mu yi musu liƙi irin na gida. Kai za ka yi rawa, tunda Allah ya ba ka sanƙo, fili har ƙeya."

Maƙwabcinmu Alhaji, mai sayar da kilishi, shi ya kai mu a motar kayansa. Ya ce ba zai shiga ba, a bakin ƙofa zai tsaya.

Na yi wa jama'a bayani da Faransanci: in rawa ta burge ka, ka manna wa mai rawa kuɗi a goshi. Abin da muka manta shi ne, gumi ke riƙe kuɗin. Ɗakin nan kuwa sanyi kamar firji! Na juya, na duƙa, na tashi, goshi ƙayau. Su kuma bayin Allah suka yi layi, ba mai ture wani, kowa da kwabbai a hannu. A ɗora, ya faɗo, a ce mini "pardon", wato in yi haƙuri. Ƙanwata ta sunkuyar da kai, na ga ta fid da rai.

Matata ta ruga teburin shayi ta kwaso zuma, ta lafta mini. Kwabbai suka fara zama. Wani dattijo ya ɗora mini katin banki a goshi, ya tsaya jiran ƙarar na'urar cirar kuɗi. Wallahi na so in ce masa "bip".

Nan Alhaji ya kasa haƙuri. Ya faɗo ciki yana gyara babbar riga. "Haba! Addininku daban, amma ba za a wulaƙanta liƙi a gabana ba." Ya zaro takardar yuro hamsin ya maka mini har na ga taurari. Ashe misali suke jira. Takardun kuɗi da cakin banki suka rufe ni, wata tsohuwa ma ta koma layi sau uku, don dai ta sake marina.

Kuɗi ya isa, har ya taɓa ɗalibi na biyu. Ni kuwa na kwana uku hulata na manne mini.

Ranar wa'azinta na farko a Montreuil, ƙanwata ta sauko daga bagadi, ta ce, "Yaya, tsaya." Ta manna mini kwabo a kumatu, ya zauna daram, ba zuma. Na ce wa matata gumi ne. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gumi ya fito ta ido ba.