Lissafin Hadiza da rijiyar ƙauye

"Baba, ba da ido ake zuba nakiya ba!"

Hadiza ke nan, tsohuwar ɗalibata, da na ziyarta jiya a wurin fasa dutse kusa da Wara. Injiniya ce yanzu. Da shugaban leburori take magana, don ya dage a ƙara nakiya, ga rijiyar ƙauye dab da wurin.

Ta ce, "Na auna tsawon dutsen, faɗinsa da zurfinsa. Abin da lissafi ya bayar za a zuba."

Aka tayar da nakiya. Dutse ya farfashe, rijiya ko tsagewa ba ta yi ba.

Ta juyo tana dariya: "Malam, ka tuna mai kuka ranar jarrabawar lissafi?"

Na tuna mana! Ku fa, wane darasi kuka tsana, yau yake muku rana?