Zare Ɗaya, Naɗi Daban

Mu biyu aka haifa rana ɗaya a Kahu, kuma har muka yi wayo mahaifiyarmu ce kaɗai take iya raba mu da kallo ɗaya. Baba sai ya kira suna ya ga wanda zai waiwayo. Mutum ne mai riƙo da abin da ya taras, cewa ba a fifita ɗaya a cikin tagwaye. In ya sayo hula, biyu ce. In ya tashi duka, ko ni kaɗai na yi laifin, sai ya ɗan shafa wa ɗan'uwana tsumagiyar. Yabo ma haka. Ban taɓa jin ya yabi ɗayanmu bai haɗa da ɗayan ba.

Wannan adalcin nasa shi ya cuce ni. Da muka gama firamare, mu duka muka ci jarrabawar shiga sakandare a Rano, amma gona tana bukatar hannu, dole ɗaya ya zauna. Baba ya ce bakinsa ba zai zaɓa ba. Ya karyo tsinke biyu daga jikin zana, ya dunƙule a hannu, ya ce mu ja. Na ja gajeren. Ni na fi ɗan'uwana lissafi, kowa a ajinmu ya san haka, har shi kansa.

Ya tafi Rano, daga can Kano, daga can ƙasar Turawa, inda yake binciken abin da ke cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam. Ni kuwa noma da damina, ɗinki da rani, har na buɗe shago a Kibiya. Ban taɓa yi masa fatan sharri ba, Allah ne shaidata. Amma ƙyashi kam na ji shi, ina kuma kan ji. Fuskata ce fa take yawo a jirgin sama, ni ina nan ina taka keken ɗinki.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano aiki ya yi mini yawa, ga hijabai, ga kaftanin 'yan siyasa da ba sa son jira. A tsakiyar wannan Baba ya kwanta. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Na kai shi asibiti a Rano, suka tura mu Kano, a can aka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Na dawo da shi gida, na rufe shago, na ɗauko kekena na kafa a zauren gidanmu. Ni ne wanka, ni ne juya shi, ni ne ba shi kunu da cokali. Abu ɗaya nake so a wurinsa kafin ya tafi: ya dube ni ni kaɗai, sau ɗaya, ya ce na kyauta. Amma kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwata, tambayarsa ɗaya ce.

"Dakta bai aiko ba?"

Ɗan'uwana yake nufi. Daktan da ko allura bai taɓa yi wa akuya ba! Na karatu ne kawai. Amma wa zai saurare ni?

Daga baya ya zo hutun mako biyu. Na ɗinka mana shadda iri ɗaya, kamar yadda na saba duk zuwansa, don Baba ba ya son ganinmu da kaya daban. Gidan ya cika, har daga Fassi aka zo ganin Dakta. Baban da na yi wata biyu ina lallaɓa shi ya ɗaga kai, ranar nan zaune ya tashi da kansa.

Wata safiya da hantsi, muna ɗakinsa mu uku, ya ce, "Dakta, wai shin mene ne wannan abin da yake cin cikina? Na Kano sun yi ta Turancinsu, ban ji komai ba."

Ɗan'uwana ya fita zaure, ya dawo da kwarkwarona na farin zare. Ko tambayata bai yi ba.

"Baba, ka ga zaren nan? Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai dogon zare wanda ke ɗauke da umarnin halittarsa. Zaren da ke cikin ƙwayar idonka shi ne dai a ta hantarka."

"To me ya hana hantar gani?"

"Naɗi, Baba. Zaren a naɗe yake a kan wasu 'yan ƙananan kwarkwaro, mu muna ce musu histon. Jiki yana sa musu alama. Wata alamar ta sa naɗin ya saki, sai a karanta abin da ke wurin, a yi aiki da shi. Wata ta sa ya ɗaure tamau, wurin ya rufu. Ido ya buɗe nasa sashen ya rufe saura, hanta ma haka."

"Ikon Allah. To ciwon fa?"

"Akwai sashen da ke ce wa ƙwaya ta tsaya haka nan, ta daina hayayyafa. Wani lokaci zaren ne yake lalacewa a wurin, wani lokaci kuma lafiyarsa ƙalau, alamar ce ta rikice aka ɗaure shi. Sai ƙwayar ta manta ita hanta ce, ta yi ta ƙaruwa ba mai tsawata mata."

Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu, na cika na batse. Abin haushin, bayanin ya shige ni sarai, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Da ni na ja dogon tsinken, da ni ne zaune a gefen gadon nan, da kuma na fi shi iya riƙe kwarkwaro, don shi har ya saki zaren ya zube ƙasa ya harɗe.

Baba ya dube shi, ya dube ni. "Ku biyun fa?"

"Zarenmu ɗaya ne," in ji shi. "Amma naɗin yana sauyawa da abin da kowa ya ci da irin rayuwar da ya yi."

"Ai kuwa an gani," na ce.

Sai Baba ya ce, "To ka warware mini nawa mana, tunda ka san inda ya ɗaure."

Ɗan'uwana ya sunkuyar da kai. Ya ce ana kan neman maganin da zai yi haka, amma ba a kai ga irin na Baba ba. Kunya nake ji in faɗa, amma zan faɗa: a lokacin wani sanyi na ji a raina. Yau dai ga abin da Dakta ya kasa.

Ya koma. Bayan tafiyarsa ciwon ya fara taɓa hankalin Baba, wani lokaci ya gane mutum, wani lokaci ya kira matata da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Wata Juma'a na sa shaddar nan na je masallaci. Da na dawo ban tsaya cirewa ba, na leƙa shi. Ya buɗe idanunsa da suka koma ruwan ɗorawa, fuskarsa ta washe.

"Dakta, ka dawo?"

Na buɗe baki in ce ni ne. Sai na ji na ce, "Na dawo, Baba."

"Zauna. Sake yi mini maganar zaren nan."

Na ɗauko kwarkwaro na zauna a gefen gadon. Na yi masa bayanin tun daga farko, har na ƙara da abin da na sani a sana'ata, yadda naɗi in ya yi tsauri keke ba ya iya jan zaren, in ya yi sako-sako kuma ɗinkin ya yi ta zuba ba tsari. Yana ta gyaɗa kai.

"Yau ka fi ranar nan iya faɗa," in ji shi.

Ya kamo hannuna. Hannun manomi ne, duk kanta, na ɗauka zai gane. Bai gane ba.

"Akwai maganar da ban taɓa furtawa ba, saboda ba a raba tagwaye. Amma tafiya zan yi. Kai ne abin alfaharina. Tun kuna yara kai ne a raina. Allah ya yi maka albarka." Ya numfasa. "Kar ka gaya wa ɗan'uwanka. Yana da ƙoƙari, bawan Allah, zai ji ciwo."

"Ba zan gaya masa ba, Baba."

"To kira mini shi ya juya ni. Bayana ya gaji."

Na fita zaure, na cire shaddar na rataye a jikin keke. Sannan na koma da 'yar singiletina na juya shi, na gyara masa matashi.

Bai ƙara mako biyu ba ya rasu. Ɗan'uwana ya sha tambayata ko Baba ya bar masa wata magana. Kullum amsata ɗaya ce, cewa a kwanakin ƙarshe ba ya gane kowa. Saƙon nasa ne, na sani. Har yau ban isar masa ba, kuma ba na jin zan isar.