Khalas ɗin da Baba Awudu Ya Ji

Salama gare ku, 'yan Zauren Karatu. Sabo ne, mai gadi a unguwar Al Gharrafa a nan Doha. Kada kowa ya jefar da linzamin kwamfuta ya gudu. Ban mutu ba.

Sati biyar ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, bari in faɗa muku abin da ya faru.

Kun san ni na buɗe wannan zaure na imel don mu riƙa karanta littafi ɗaya tare. Wata uku muna rigimar wanda za a fara da shi. Hajiya Rabi daga Jidda ta dage sai na soyayya, Ustaz Nura ya ce ba da shi ba. Ni kuma na kafe a kan tarihin fataken goro, mai shafi ɗari huɗu. Mutum takwas suka fice. Wallahi na fara cire rai da zauren.

Ana cikin haka, wata Talata ina bakin ƙofa a tsakar rana, wani ciwo ya soke ni a kwiɓi. Na ce iska ce. Da na ga fitsarina ya yi ja, sai ga ƙato a durƙushe yana kiran Inna.

Baba Awudu ne ya kai ni asibiti. Dattijo ne direba, mutumin Zangon Kumasi, ɗakinmu ɗaya a Bin Omran. A lokacin satinsa uku kacal a Doha, ni na sa shi a zauren nan.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, sai an yi aiki. Ya tambaye ni kofi nawa na ruwa nake sha a wuni. Na ce shayi fa? Bai yi dariya ba.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Da suka tura ni ɗakin tiyata 'ya'yana kawai nake gani.

To, Larabcin Baba Awudu gaba ɗaya kalma biyu ne, yalla (wato mu je) da khalas, kuma an gaya masa khalas na nufin ya ƙare. Da likita ya fito, Baba ya tare shi yana nuna ƙofa, "Sabo? Sabo?" Likita ya kaɗe hannuwa ya ce, "Khalas," wato an gama aiki.

Baba bai tsaya jin ƙari ba. Yana kuka ya wuce shagon intanet, ya rubuto muku cewa Allah Ya yi mini rasuwa.

Washegari ya zo karɓar kayana, ya tarar da ni ina shan romo. Ya yi salati ya dafa bango. Ya ce, "Malam Sabo, kai ne?" Na ce, "Da wa kake nema, Baba?" Kunya ta hana shi gaya mini, ta kuma hana shi gyara maganar. Har na gama jinya yana dafa mini abinci, ko ido ba ya haɗawa da ni.

Jiya na samu ƙarfin zuwa shagon, na buɗe akwatina na imel, na tarar da ta'aziyyata.

Na karanta duka. Ustaz Nura, da ya taɓa ce mini mai taurin kai, ya rubuta cewa ni mutum ne mai haƙuri. Na yi dariya har wurin aikin ya motsa, daga baya kuma na yi hawaye a gaban mai shago. Sannan na ga Hajiya Rabi ta ce a cika wa mamaci burinsa, a karanta littafin goro. Babu wanda ya musa. Aka yi ta aika hotunan shafuka, takwas ɗin nan suka dawo, yanzu kuna babi na bakwai.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci, da Baba Awudu, wanda na yafe wa tun jiya. Na gode muku da addu'o'i, ban mayar ba, ina riƙe da abina.

Masu aiki a rana, ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishi. In fitsari ya canza launi, ku tafi asibiti ranar. In likita ya ce khalas, ku tambaye shi me ya ƙare.

Saura magana ɗaya, ku yi mini afuwa. Littafin nan ban taɓa karanta shi ba, kaurinsa ne ya burge ni. Don Allah kada ku daina don na dawo. Daren jiya na fara, ina shafi na goma sha biyu, ku jira ni.