Watanni Tara Ƙarƙashin Fentin Zinare

Ko kiran asalatu ba a gama ba muka bar Zariya, ni da yayana mai tuƙi da ƙawata da ta ce sai ta raka ni. Har yanzu raina a ɓace yake, don haka ku yi haƙuri da yadda zan ba da labarin.

Wata tara na yi ina sassaƙa mutum a kwamfuta. Na kwaikwayi tsohon gunkin nan na Girkawa, mai shirin jifa da faifai, amma na cire masa fata don a ga kowace tsoka da jijiya. Wata cibiya a Abuja ke ɗaukar mutum huɗu ta koya musu ƙera sassan jiki na roba don ɗaliban likitanci. Sharaɗinsu a zo da aiki a buge, wanda za su taɓa da hannu. Bana ce damata ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun wuce.

Ba mu da injin buga irin wannan a kusa, shi ya sa na tura aikin wa wani dattijo mai shago a Karmo, abokin surukin yayana.

Hanyar Kaduna kun san ta. Inda aka gyara mota ta yi gudu, inda ba a gyara ba hanjinka ya koma wuya. A Zuba muka tsaya, ga lemo da ayaba tuli-tuli. Wani mai kankana ya leƙa lambar motarmu ya ce dubu uku, yayana ya yi masa Zazzaganci ya sauko da rabi. Muka ci waina da miya a tsaye, ni kam loma biyu na iya.

Karmo ta karɓe mu da kwata da ’yan acaɓa. Muka sami dattijon ya riga ya naɗe kwalin da salatif, har da ɗaurin kintinkiri.

"Hajiya, na yi miki aiki na musamman," in ji shi. "Ko kobo ban ƙara ba."

Hannuna ya kai kan salatif ɗin, yayana ya harare ni. Wai a buɗe kayan babba a gabansa kamar ba a yarda da shi ba? Na janye hannu, na durƙusa na yi godiya. Wannan durƙuson ne ya fi ƙona min rai.

Cikin gari tituna shimfiɗa-shimfiɗa, gine-gine sai ka ɗaga kai. Muka isa saura minti goma. A gaban alƙalai uku na yanke salatif.

Abin da na ciro yana ƙyalli. Dattijo ya bi aikina da sanfefa ta kafintoci ya goge shi tas, ya fesa masa fentin zinare. Tsokar kafaɗa da na yi sati uku ina raba ta gida uku ta zama dunƙule ɗaya. Haƙarƙari babu, jijiyoyin hannu babu. Kai ka ce kofin da ake ba zakaran ƙwallon unguwa.

Wata likita cikin alƙalan ta shafa bayan gunkin da yatsa, ta ce, "’Yata, ina tsokar take?"

Na ce tana cikin kwamfuta, a ba ni minti biyu in nuna. Na kusa da ita ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, abin da ke kan tebur suke dubawa. Ya ƙara da shawarar in koma in karanci ƙirar jikin mutum. Ni! Da na kwana na tashi da littafin nan har bangonsa ya fita.

Ban yi kuka ba sai a mota. Na ce lallai a mayar da ni Karmo.

"Baba, me ya sa ka goge min aiki?"

Ya yi mamaki ƙwarai. "Hajiya, abin ya fito duk layi-layi, kamar inji ya samu matsala. Kwana biyu ina gyara shi. Su oga duka sumul suke so."

Yayana ya fara ba shi haƙuri. Shi yake ba wa haƙuri! Na fita na bar su, don abin da ke bakina ba na faɗa wa mai furfura ba ne.

Mun shigo Zariya bayan isha'i.

Na zagi alƙalan a zuci, na zagi dattijon, amma da na natsu kaina na fi jin haushi. Tafiyar nan ta koya min cewa aikin da ka zuba wa rai, kai za ka buɗe shi ka duba, a gaban kowa ne. Kunyar minti ɗaya ta cinye min wata tara, da gurbin da ba zan ƙara samu ba.

Da safe saƙon dattijon ya shigo. Ya ce ya sa hoton gunkin a shafin shagonsa da sunana a ƙasa, har mutum uku sun ce a yi musu irinsa.