Shekarar da Na Shayar da Lemona a Ɓoye

Garinmu bai samu shiga taswirar da aka liƙa a bangon ajinmu ba, amma direbobin da ke bin hanyar Gumel zuwa Gagarawa sun san shi da hanci. Idan lemo ya yi fure, kafin ka hango masallacin Juma'a ƙanshi ya riga ya tare ka.

Abin nunawa baƙo a garin bai wuce uku ba. Akwai rijiyar bijimi, mai zurfin da hannu ba ya iya jan guganta sai an ɗaura wa sa igiya. Akwai rumfar tasha, inda mata ke jera lemun tsami kashi-kashi a faifai. Sai uwar lemo, tsohuwar bishiyar da ke bayan rijiya. Manya sun ce mahaifin kakanmu ne ya dawo daga aikin hajji a ƙafa da 'ya'yan lemo ƙulle a bakin rawaninsa, ya shuka a nan, mutane suna yi masa dariya wai lemo a rairayi. Duk lambun da ke garin daga jikinta ya fito.

Muna da al'ada. Idan yaro ya fara girma, ana ba shi dashe ɗaya ya raina da hannunsa. Ba zai aika gidan kowace budurwa ba sai bishiyarsa ta yi 'ya'yan fari, a cika kwando a kai wa iyayenta. Wannan kwandon shi ne sallama. Wanda kwandonsa ya riga shiga gida, shi ake fara saurara.

Tawa bishiyar tana bakin hanyar rijiya. Kusa da ita akwai ta taubashina, ɗan gwaggona da aka aurar can wajen Damagaram, wanda aka kawo wa Kaka riƙo. Rana ɗaya aka ba mu dashe. A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, duka biyun suka isa haihuwa, mu kuma duka biyun muka kamu da son mutum ɗaya.

'Yar maƙwabcinmu marini ce. Kullum da hantsi takan bi ta tsakanin bishiyoyinmu da tulu a ka. Farcenta akwai shuɗin baba saboda taya mahaifinta aiki, kuma ni har yau ban ga lallen da ya kai wannan shuɗin kyau ba. Idan ta wuce, nakan tsaya da fartanya a hannu ina tsara maganganun da zan faɗa mata gobe. Goben ta zo in ce, "Sannu da ruwa," shi ke nan.

Taubashina kuwa bakinsa ba ya ciwo.

"Ranki ya daɗe, ga kado," yakan ce, ya tsinko ganyen lemo ya murza ya miƙa mata. Kado wai kyauta, a bakin mutanensu.

"Ganye ne kyautar? Akuya ka mai da ni?"

"Somin taɓi ne. Kwando yana tafe."

Ta yi dariya, tulun ko girgiza bai yi ba. Dariyar nan ta sauka a ƙirjina kamar garwashi.

"Kai bawa," na ce masa bayan ta wuce, don ɗan mace bawan ɗan namiji ne a wasanmu, "wa ya ba ka izinin magana a gaban ubangidanka?"

"Ubangida ya yi shiru ne, ɗan lakwal. Na ga kaya sun yi maka nauyi, na ɗaukar maka." Lakwal wai makaranta.

Da sanyi ya shigo, Kaka ya zagaya lambu da sandarsa ya ce a ɗauke ruwa. Haka ake yi a garinmu tun zamanin uwar lemo: kwana arba'in ba a ba bishiya ko ɗigo, sai ta ji ƙishi ganyenta ya naɗe, sannan a kwarara mata ruwa lokaci ɗaya, sai ta fashe da fure. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

A mako na biyu ganyen tawa ya fara lanƙwashewa, ta taubashina kuwa tana nan tsaye shar. Ko ƙasar wajensa ta fi riƙe laima, ban sani ba. Ranar nan 'yar marini ta tsaya ta dubi tawa, ta dubi tasa, ta ce da ni, "Taka ba ta da lafiya ne? Ta yi kama da mai ita."

Wasa take yi. Yanzu na san haka. A lokacin kuwa kwana na yi ina juya maganar. Na ƙudurta ba za ta sake ganin bishiyata a wulaƙance kusa da ta bawa ba.

Ranar Alhamis garinmu yakan zama kufai, kowa ya tafi cin kasuwar Maigatari. Na ce kaina yana ciwo. Da rana ta take na kwaso tulu huɗu daga randar gidanmu na zuba wa bishiyata, na watsa busasshen rairayi a kai don kada a gane. Na ce a raina ɗan kaɗan ne, ba zai ɓata komai ba. Alhamis ta zagayo na sake. Na sake kuma.

Kai, ta yi kyau! Ganye kore shar, sabon toho ta ko'ina, ta taubashina kuma ta koma kamar tsohuwar tsintsiya. 'Yar marini ta ce, "Lallai ta warke." Kalma uku, na yi mako ina tauna su.

Da arba'in ta cika aka ɗaura wa bijimi igiya tun asuba, ruwa ya bi lambu-lambu. Bayan kamar mako biyu garin ya yi fari fat. Tsintsiyar taubashina ta rufe da fure har reshe ba ya ganuwa, ƙudan zuma suna ta kai da kawo. Tawa tana tsaye cikin korayen kayanta, ko fure ɗaya babu.

Kaka ya zo ya daɗe yana kallonta. Ya soka sandarsa a gindinta, ya zaro, ya ɗaga kai ya dubi tohon.

"Ja'iri, Alhamis nawa kanka ya yi ciwo?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka ciyar da ita ta ƙoshi, me za ta haifa maka? Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Bai faɗa wa kowa ba. Taubashina ma bai taɓa yi mini gori a kai ba, shi da ba ya barin ko tuntuɓe ya wuce bai yi waƙa da shi ba. Wannan shirun nasa ya fi zagi ci mini rai.

Da lemonsa ya nuna, gwaggo ta zo daga Damagaram, aka wanke sabon kwando. Al'ada ta ce ɗan'uwa ne ke ɗauka, kuma duk gidan babu sa'ansa sai ni. Na ɗora a ka, na bi bayan kawunnanmu har zauren marini. Ina sauke kwandon na hango yatsu masu shuɗi sun ɗan ɗaga asabarin ƙofar cikin gida. Ta ga wanda ya ɗauko, na tabbata ta gani, kuma na tabbata na ga fuskarta ta yi haske, kamar ta manta al'ada ta ɗauka kwandon nawa ne, kafin babban kawunmu ya buɗe baki ya faɗi mai kwandon. Shekara hamsin ke nan ina neman wanda zai ce mini idona ne ya yi ƙarya.