Sunan Ɗan Farin Inna Lantana

Sau goma sha ɗaya na hau keke daga Makarfi zuwa Likoro a shekarar 1955, duk wajen tsohuwa guda, Inna Lantana ungozoma. Mu bakwai ne muka haɗu muka sa kanmu aikin rubuta tarihin mutanen ƙasarmu da suka shuɗe. Ni rabona shi ne sunayen waɗanda aka kwasa aikin tilas na haƙar kuza a Jos lokacin babban yaƙi, ba su dawo ba. Na tambayi dattawa tara, takwas suka ce in je wajen Lantana.

A ruga aka haife ta, aure ya kawo ta Likoro, wajen uwar mijinta ta koyi yankan cibiya. Shekara arba'in tana wannan aiki. Ba ta san baƙi ko wasali ba, amma ka ambaci mutum, sai ta gaya maka ɗakin da aka haife shi, da abin da ke gona a lokacin, da wanda ya yanka ragon. Na ƙirga sunayen da ta ba ni tana tsinkar zogale: ɗari uku da goma sha biyu. Na bi sittin na bincika gida gida, ko ɗaya bai kauce ba.

Na kuza kuwa, sha bakwai ta lissafo daga Likoro da ƙauyukan gefe. Sannan ta ce, "Da kuma wani."

"Wane ne, Inna?"

Ta sunkuyar da kai. Ƙanwarta Bilki ce ta ja ni gefe ta ce, "Kai Malam, karatu ya cinye maka hankali? Ɗan farinta ne." Gari duka Ɗan'azumi suke kiransa. Sunan yanka kuwa, ubansa ya rasu, limamin da ya raɗa ya rasu, Bilki ma tana ruga aka yi sunan. Inna kaɗai ta rage da shi, kuma tun ranar da ta haife shi bai taɓa fita daga bakinta ba.

Na kai maganar gaban ƙungiya. Magatakardanmu Malam Ashafa, wanda ya taɓa aiki wata shida a ofis har yau bai warke ba, ya ce doka ce: sunan yanka, kuma daga bakin ɗan uwa na jini. Laƙabi ba ya shiga littafi. Doka! Shi ya rubuta ta da hannunsa, mu shida muna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Na ce, "Malam, taka mahaifiyar ta taɓa kiran sunan yayanka?" Ya ce wannan gida ne, nan kuwa tarihi ake yi. Aka ba ni mako biyu, in ba haka ba a rufe shafin da sha bakwai.

Ranar kasuwa sai ga Inna ta biyo masu jakai har Makarfi, da wani manomi maƙwabcinta a bayanta. Ta same mu a zauren da muke taro, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali, ta tambayi ruwa. Sannan ta tura mutumin gaba.

"Faɗa musu sunanka, ɗan nan."

"Iliyasu."

"To, mai sunansa ne," in ji ta.

Ko jariri ya gane. Na riga na tsoma alƙalami a tawada, Ashafa ya dafe littafin. "Daga bakin Iliyasu ya fito, Inna. Shi ɗan uwan mamacin ne?"

"Ashafa," ta ce, "a Likoro uwarka ta yi goyon ciki. Ni na yanke maka cibiya, kana tsala ihu kamar ɗan akuya. Yau ni za ka koya wa yadda ake kiran ɗa?"

Mutum biyu suka yi dariya. Ashafa bai ɗaga hannunsa daga littafin ba. Sauran kuwa, malamai da rawuna, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni ma da nake wannan kumfar baki, ban fizge littafin ba, kuma abin yana cina har gobe.

Ta daɗe a tsaye. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa zauren baya, ta faɗa wa bango. Ashafa ya ce bai ji ba, a ɗaga murya. Ta sake faɗa.

Na rubuta: na goma sha takwas, Iliyasu ɗan Tukur, Likoro.

Na ce ta tsaya in nemo mata jaki, ta ce ƙafarta ta san hanya. Na koma Likoro sau biyu bayan haka, da sauran unguwa huɗu da ba mu rubuta ba. Duk zuwan ta ba ni fura, ta tambayi iyali, amma da na buɗe littafi sai ta ce tsufa ya zo, ta manta.