Ciwon Maharazu Bayan Allurar Sanƙarau

Tun da ruwan madatsar Tiga ya iso Bunkure Maharazu yake noman shinkafa, kullum ƙafarsa a cikin ruwa. Bayan an yi wa mutanen garin rigakafin sanƙarau ya soma fitsarin jini, yana ta ramewa. Wani mai sayar da ƙananan fararen ƙwayoyi a kasuwar Kura ya ce masa dafin allurar ne ya zauna a jininsa. Ya daɗe yana shan ƙwayoyin, ciwo bai tafi ba.

Da ƙanwarsa Rekiya ta kai shi asibiti, likita ya ce tsargiya ce, a ruwan gona ya ɗauke ta.

"Yaya, ka ji ko?" in ji Rekiya.

"Na ji. Allura ana iya guje mata. Gonar fa?"

Lokacin dashe na yi, ya sake shiga ruwan.